Tambaya da Amsa: Tayil ɗin mozayik a bangon banɗaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni dai banɗakina nake so a gyara, na ga irin ƙananun tayil ɗin nan da ake ce wa mozayik masu zuwa a manne a jikin raga, na gilashi ne shuɗaye, sun shiga raina sosai, so nake a sa min su a bangon wajen shawa. To mai tayil ɗin da muka kira yace ai ba wani abu bane, siminti da yashi zai kwaɓa ya ɗora su yadda yake yi wa manyan tayil, kwana ɗaya ya gama. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don na taɓa shiga banɗakin wata ƙawata da aka sa wa irinsa, wallahi tun daga bakin ƙofa kana iya ƙirga kowane falle, ga wasu ƙwayoyin har sun fara zubowa ƙasa. Dan Allah ya ake yinsa daidai, kuma falle nawa ya kamata in saya? Daga wata uwargida.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki dakatar da shi tukunna, kar ya kwaɓa komai. Ba wai ina cewa bai iya aiki bane, a'a, hannunsa ne ya saba da manyan tayil, su kuma manyan nan masu santimita 40 ko 60 suna da rufin asiri, in bango yana da rami sai a ƙara kwaɓi a baya a danna, tayil ɗin ya haye ramin ba wanda zai taɓa sani. Shi mozayik ba ya rufa wa bango asiri ko kaɗan, falle ne mai lanƙwasa, kamar jiƙaƙƙen zani yake a jikin mutum, inda bango ya lotsa zai lotsa inda ya yi tozo zai yi tozo. Ki duba ma, in ƙwayar mai santimita 2 ce, a murabba'in mita ɗaya kawai akwai ƙwaya sama da 2,000, kuma kowacce ɗaya sai ta zauna daidai da ta kusa da ita. In aka ɗora su kan kwaɓi mai kauri wata zata nutse wata ta taso, kwaɓin ya ɓullo ta tsakaninsu, sannan gilashi ba ya shan ruwa, siminti zalla kuwa ba ya kama abin da ba ya shan ruwa da kyau, shi yasa kika ga na ƙawarki yana zuba. Ga kuma launi, tokar siminti zata riƙa hangowa ta cikin gilashin, shuɗin nan da ya burge ki ya koma wani dishi-dishi.

Don haka aikin daga bango yake farawa, gaskiya ma rabin aikin a nan yake. A samu miƙaƙƙen katako ko alminiyam mai tsawon mita 2 a riƙa ɗora shi a bangon, a tsaye, a kwance, a karkace. Ƙa'idar da aka saba da ita a aikin tayil ita ce kar giɓin da ke ƙarƙashinsa ya wuce milimita 3, ni dai in mozayik ne ko milimita 2 ma ba na so ya kai. Ke ma da kanki zaki iya dubawa ba sai da kayan aiki ba, ki bari sai dare ki kashe wutar banɗakin ki kanga tocilan a jikin bangon daga gefe, duk wani tudu da kwari zai fito da inuwarsa ƙarara, ki zagaye wajen da fensir. Tudun a kankare, ramin a cike da siririn shafe, a bari ya bushe sosai, washegari a sake gwadawa. In filastar sabuwa ce to sai haƙuri, siminti yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, kuma yana tsukewa yayin da yake bushewa, in aka yi gaggawa tsukewar nan ce zata tsaga layukan daga baya. A ba shi aƙalla sati biyu, in da hali huɗu. In akwai fenti a kankare shi tas, don gam ɗin manna tayil zai kama fentin ne ba bango ba, ranar da fentin ya saki shikenan. A share ƙura, in bangon mai zuƙe ruwa ne da yawa a shafa masa firaima, wato ruwan da ake fara shafa wa bango don gam ya kama da kyau.

Sai abin da mutane suka fi tsallakewa, maganin hana ruwa shiga. Da yawa suna ɗauka tayil da kansa yana tare ruwa, eh ƙwayar gilashin tana tarewa, amma layukan da ke tsakani fa? Abin cike layi na siminti yana shan ruwa a hankali, shi kuma mozayik kusan ko'ina layi ne. A wajen shawa dole a shafa maganin nan mai kamar fenti mai kauri wanda in ya bushe yake zama kamar roba, shafi biyu, na farko ya bushe sannan na biyu a gicciye shi, a kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa da zagayen fayif ɗin famfo a manna ƙyallen da ake sayarwa tare da shi a cikin shafin farko. Wanda bai yi wannan ba zai ga sakamakon ne a ɗakin da ke bayan banɗakin, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, ana ta zargin fayif alhali ta layin tayil ruwan yake bi.

Gam kuma, ki ce wa mai tayil ɗin na gari ake so, mai zuwa a buhu a kwaɓa da ruwa, kuma fari, saboda gilashi. Ki duba jikin buhun, yawancin kamfanoni suna bin ma'aunin Turai mai lamba EN 12004, zaki ga an rubuta C1 ko C2, to C2 shi ne wanda aka ƙara wa ƙarfin kamu, shi zaki ɗauka. In da T a gaba yana nufin falle ba zai riƙa zamewa ƙasa ba bayan an manna, E kuma yana nufin ya fi jimawa a bango kafin ya yi fata, wato samansa ya bushe, wajen minti 30 maimakon 20, S1 kuwa mai ɗan bada kai ne in bango ya motsa. Wanda ke zuwa a kwaɓe cikin bokiti ban ba ki shawararsa a wajen shawa ba, shi sai ruwan cikinsa ya fita yake bushewa, kin ga an sa shi tsakanin gilashi da maganin hana ruwa, ta ina ruwan zai fita?

Kafin a taɓa gam, a shimfiɗa fallayen a ƙasa a gani. A buɗe kwali biyu uku a gauraya, don launi kan ɗan bambanta daga kwali zuwa kwali, in an gauraya ido ba zai kama ba. Kar a fara daga ƙasan banɗaki, ai da gangan aka karkata shi don ruwa ya gangara, wanda ya bi shi duk layinsa zai karkace har sama. A auna tsawon falle ɗaya daga wuri mafi ƙasa, a ja layi a kwance da lebul, wato ma'aunin daidaito na magina, a kafa katako a kan layin, a fara jerawa daga kansa, sahun ƙasan sai daga baya in an cire katakon. A ja wani layin a tsaye a tsakiyar bangon, yankan ya faɗa kusurwa inda ido ba ya zuwa.

Wajen shafawa nan ne ake gane wanda ya san mozayik. Cokalin da zai yi amfani da shi mai ƙananun haƙora ne, milimita 3 ko 4, ba mai 10 ɗin da ya saba da shi ba. Ya shafa da gefen da ba haƙora ya danna gam ɗin ya kama bango, ya taje da haƙoran don kaurin ya zo ɗaya, sannan ya sake bi a hankali da gefe mai santsi ya kwantar da kunyoyin ba tare da ya kwashe gam ɗin ba. In bai kwantar ba zaki riƙa hango zane-zanen haƙoran ta cikin gilashin har abada. Kar ya shafa fiye da wajen falle biyu ko uku a lokaci ɗaya, ya riƙa taɓawa da yatsa, in gam bai biyo yatsan ba ya yi fata kenan, a kankare a sa sabo, kuma in na cikin bokiti ya fara tauri a zubar, ƙara masa ruwa kashe shi ne. Ya ɗora fallen daga sama, ya danna da faffaɗan abin roba na cike layi ko guntun katako mai santsi yana ɗan bubbugawa, ba da yatsu ba, yatsa ƙwaya ɗaya yake nutsarwa. Fallen farko ya ɗaga shi ya duba bayansa, in duk ƙwayoyin sun sha gam to a ci gaba.

Ƙirga fallen da kika yi daga bakin ƙofa kuwa, dalilinsa ɗaya ne, tazarar da ke tsakanin falle da falle bata zo daidai da tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ba. Ko rabin milimita ne ido zai kama shi da zarar an cike layi. Bayan kowane falle ya ja baya ya kalla daga nesa, in ya ga layin ya buɗe ko ya matse ya gyara tun gam yana ɗanye, ya tsaga ragar da reza ya matsar da sahu ɗaya ko biyu, kuma in ana bubbugawa katakon ya riƙa hawa kan mahaɗar falle biyu. Wasu ma jerin bulo suke yi wa fallayen don kar mahaɗa ta miƙe tun daga ƙasa har sama, dabara ce mai kyau in zanen ya yarda. Aikin nan ba na kwana ɗaya bane Hajiya, duk wanda yace miki haka bai lissafa bushewa ba.

Lissafin saye ba wuya. Yawanci falle santimita 30 ne ta kowane gefe, wato kamar falle 11 a murabba'in mita. In bangonki mita 2 ne a tsaye, ɗaya da rabi a kwance, murabba'in mita 3 kenan, falle 34, ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa ya zama 38, duk daga lambar bugu ɗaya, wato waɗanda kamfani ya yi a lokaci ɗaya, lambar tana jikin kwali. Ki ajiye ragowar, in ƙwaya ta fashe bayan shekara biyu ba lallai ki samu launin ba. Kafin ki sayi da yawa ma ki sayi falle ɗaya ki yanki gefe ki jiƙa a ruwa ya kwana, in da safe kin tarar ƙwayoyin sun rabu da ragar ko gam ɗin bayan ya zama fari yana yauƙi, wannan ba na wajen shawa bane komai kyansa.

TAMBAYA: Salam Oga. Ni yaron mai tayil ne ina koyo, an bar min wani ƙaramin bango in sa mozayik, gam sai ɓullowa yake ta layi yana cika su, kuma wani irin da aka kawo takarda ce a manne ba raga ba, na rasa ina ne gaba ina ne baya. Sannan ya zan yanka wajen kan famfo, gilashin sai tarwatsewa yake? Daga wani mai koyon sana'a.

AMSA: Ƙanena sannu da ƙoƙari. Gam ya yi yawa ne, ko haƙoran cokalinka sun yi girma ko kwaɓin ya yi ruwa ko kana dannawa da ƙarfin tsiya, koma kan abin da na faɗa wa Hajiya a sama. Wanda ya riga ya ɓullo kar ka bari ya kwana, bi layukan da tsinke ko tsohon buroshin haƙori tun yana ɗanye, ana so aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin layin ya zama fanko don girawut, wato abin cike layi, ya samu wajen zama. In ya bushe sai dai ka bi da reza layi-layi, kuma zaka gane kurenka.

Mai takarda kuwa, takardar ita ce fuska, waje take kallo, gilashin tsirara shi ke shiga gam. Mutane da yawa sun juya shi sun binne takardar a bango, duk ya zubo. Irin wannan ma ya fi na raga kamu tunda ba abin da ya shiga tsakanin ƙwaya da gam, shi yasa ake yawan sa shi a wurin ninƙaya, wahalarsa dai ba ka ganin abin da kake yi sai ka cire takardar. Bayan ka manna da kamar minti 20 zuwa 30, ka jiƙa takardar da soso sau biyu uku har ta yi duhu, ka kama kusurwar sama ka jawo a karkace hannunka na manne da bango, kar ka fizgo ta wajenka. Ƙwayar da ta biyo takarda ka ɗan shafa mata gam a baya ka mayar, wadda ta karkace ka gyara a lokacin. Kar ka ce sai gobe zaka cire, gobe ba gyara.

Yanka iri biyu ne. In sahu guda zaka rage, juya fallen ka tsaga ragar da reza, shikenan. Wajen famfo ka ciccire ƙwayoyin da suka faɗa kan fayif ɗin, ka manna fallen, sannan ka cike zagayen da gutsattsari ɗaya bayan ɗaya, murfin famfon zai rufe sauran. Gutsurawar kuma da filaya mai ƙananun faifai biyu a baki ake yi, ita aka yi wa gilashi, ta tayil ta yau da kullum murƙushe shi take yi. In yanka mai tsawo ne a miƙe sai injin yanka mai ruwa da faifan daimon na gilashi, a tura a hankali. Ka sa tabarau dan Allah, ɓarɓashin gilashi tsalle yake yi, da safar hannu kuma don siminti yana cin fata.

Tunda kai zaka cike layin bari in ƙara maka. Ka jira aƙalla awa 24, in gilashi ne kan maganin hana ruwa 48 ya fi. Girawut mai laushi zaka nema wanda ba yashi mai kaushi a ciki, layin siriri ne kuma yashi yana karce gilashi. Ka tura shi da abin roba a karkace ta ɓangare biyu har layin ya cika, ka kwashe na sama, bayan kamar minti 15 zuwa 20 ka goge da soso da ka matse sosai, kana wanke shi akai-akai. Ruwa in ya yi yawa a soso kwashe girawut ɗin yake yi ya kuma ɓata launinsa. Hazon da zai rage washegari busasshen ƙyalle ke ɗauke shi. Kusurwoyi da mahaɗar bango da ƙasa kar ka sa musu girawut, nan wajen silikon ne, abin toshe mahaɗa mai laushi kamar roba, kuma mai maganin fumfuna, don bango biyu ba sa motsi tare, abu mai tauri tsagewa zai yi. Akwai girawut na efoksi, wanda ba na siminti ba, ba ya shan ruwa ba ya kama datti, amma yana saurin ƙamewa kuma in ya bushe a fuskar tayil sai an sha wuya, kar ka fara gwada shi a aikin mutane sai ogan ka yana tsaye.

TAMBAYA: Malam, tsohon tayil ne a bangon, dole sai an fasa kafin a sa mozayik? Daga wani magidanci.

AMSA: Ba dole bane Alhaji. Ka bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da bayan cokali, wanda ya yi ƙarar fanko a cire a cike gurbin. In sun yi yawa, ko bangon yana da danshi, a fasa duka kawai a huta. In lafiyarsu ƙalau a wanke sabulu da maiƙon da ke jiki tas, a shafa firaima na saman tayil mai ɗan kaushi, a bi da siririn shafen gam a rufe tsofaffin layukan ya bushe, in ba haka ba zasu fito a fuskar mozayik ɗin. Ka tuna bangon zai ƙara kauri, a duba ko kan famfo da na shawa zasu kai.

TAMBAYA: Barka da rana Malam. Nawa mozayik ɗin na dutsen mabul ne, layukan suka yi baƙi musamman ta ƙasa, sai na wanke da ruwan wankin masai mai asid, yanzu ƙyallin ya tafi wajen ya yi fari-fari kamar an zuba gari. Akwai gyara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ayya 'yar uwa, asid ɗin ne ya ci fuskar dutsen. Mabul dangin farar ƙasa ne, duk wani abu mai tsami yana narkar da shi, har ruwan khal da lemon tsami, ba datti bane a kai balle a ce a ƙara wankewa. In cin bai yi zurfi ba akwai hodar goge mabul da ake murzawa da ɗanyen ƙyalle tana dawo da ƙyalli, ki gwada a ɓoyayyen wuri tukunna, in kuma kin shafa kin ji kaushi sai mai injin gogewa, ko a ciccire ƙwayoyin da suka lalace a sa wasu in kina da ragowa. Asid ɗin nan ko a kan gilashi ma ba na so, don girawut na siminti shi ma cinsa yake yi a hankali.

Baƙin da kika gani fumfuna ce, danshi da ragowar sabulu take ci. Sabulu mara tsami wanda aka rubuta na dutse ne, da buroshi mai laushi, sun isa wankin yau da kullum. Inda silikon ne ya yi baƙi har ciki kar ki wahalar da kanki, a yanke shi da reza a cire duka, wajen ya bushe sosai a ja sabo, kuma a nemi wanda aka rubuta ya dace da dutse, don mai warin tsamin nan yana barin tabo a gefen mabul. In komai ya bushe a shafa wa dutsen da layukan maganin toshe ƙofofin dutse, a riƙa sabuntawa, gwajinsa kuwa ki ɗiga ruwa a kai, in wajen ya yi duhu cikin 'yan mintuna lokacin sake shafawa ya yi. Bayan wanka a ja ruwan bangon da abin goge gilashi na roba, a bar taga ko fankar fitar da iska a buɗe har wajen ya bushe.